Rabon Hannatu a Bakin Gulbi

A Hillat Ɗan'auta, kudu da Suki, in an ce wane ya sha tsakin Hannatu ba a tambayar laifinsa, don kusan kowa ya sha. Liman ya sha, shehun gari ya sha, malamin gona da ke zuwa daga birni da fararen takalma ya sha har sau biyu a wuni ɗaya. Doguwar mace ce busasshiya, ta ba sittin baya, tana soya kifi a gindin darbejiyar da ke gaban masallaci. Tun tana budurwa ta gama yanke wa maza hukunci: in sun wuce uku a inuwa ɗaya, to ranar ba za a yi aikin komai ba. Shekara arba'in tana kallon su daga bayan kaskonta, ba su taɓa ba ta dalilin canza ra'ayi ba.

Ubanta masunci ne, jikan mutanen da suka baro Sakkwato da ƙafa suka nufo gabas, tafiyar ta ƙare musu a bakin wannan gulbi. An aurar da ita ga Uzairu, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa kai ƙarshen magana a gabanta ba. Da ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, ɗaki biyu na laka, da rabonsa na jarf. Jarf ita ce gaɓar da gulbi ke haɗiyewa da damina, in ya janye ya bar ta shimfiɗe da baƙar laka mai taushi. Ba ta neman taki, ba ta neman ban ruwa. Ka soka salluka, sandar shuka mai matakin ƙafa, ka jefa iri, ka rufe da diddige, ka koma gida. Sai dai danshin na kwana goma ne. Wanda ya bari suka wuce, laka ta tsattsage, sai ya jira baɗi.

Da yake gulbi ba ya mayar da gaɓa yadda ya ɗauke ta, iyaka ba ta shekara a wurin. Shi ya sa kakanni suka tufka igiyar kaba mai ƙulli talatin da biyu, kowane gida da nasa. In ruwa ya janye sai mai igiya ya shimfiɗa ta a tsawon gaɓa, abin da ke tsakanin ƙullinka da na maƙwabcinka naka ne, daga tudu har bakin ruwa. Sharaɗi biyu ne. Ba a jefa ko ƙwaya ɗaya kafin a ja igiya, kuma ba a jan ta sai masu ƙulli bakwai sun sauko sun tsaya a cikin lakar da ƙafafunsu sun shaida. Wanda ya tsaya a kan tudu ɗan kallo ne. Igiyar tana hannun wani tsoho, Mato, ya gaje ta daga ubansa, kuma shi da shehun gari da waɗansu dattawa biyar su ake kira lajna, masu sasanta duk rigimar da ta tashi a gaɓa.

Hannatu ta san lajna tun shekarar da ta fita takaba. Ƙannen Uzairu biyu suka ce mace ba ta riƙe ƙulli. Ran jan igiya ta sauko da goyo a baya, ta damƙe ƙulli na goma sha ɗaya, ta ce wanda ya isa ya ɓamɓare yatsunta. Lajna ta zauna tun hantsi har la'asar, aka shanye butar gahawa uku, sannan aka ba ta. Ko godiya ba ta yi ba. Ta ce maganar da akuya za ta gane tana tuƙa, ita ce ta cinye wa ƙartin maza wuni guda. Da wannan rabon ta ciyar da marayunta shekara talatin, kuɓewa, wake, kabewa, wata shekarar kankana. Kuɓewar ce ta kai 'yarta Ibtisam har ta zama malamar makaranta a Damazin, inda take amsa wa uwarta waya da Larabci.

Sai gulbi ya canza hali. Can sama, bayan Rusairis, Habasha ta gina katafariyar madatsa ta fara tare ruwa. Ƙasashe ukun da abin ya shafa suka yi shekaru suna zama, yau a wannan babban birni, gobe a wancan. Aka kai magana gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kwamitin ya mayar da ita ga Tarayyar Afirka, masu madatsa kuwa duk damina suna ƙara cika abinsu. A Hillat Ɗan'auta abin da aka gani shi ne ruwa ya daina bin lissafin tsofaffi. Ba ya hawa yadda ya saba, ba ya sauka lokacin da ya saba, lakar ta yi ƙaranci, gaɓa ta tsuke.

Gindin darbejiya kuwa ya samu abin yi. Mutanen da ba su iya hana jakinsu shiga gonar maƙwabci ba, kowa ya wayi gari masanin dokar duniya. Mato ne shugaban masu cewa a zauna a daidaita. Shugaban masu cewa a yi kawai shi ne Mukhtar, ɗan wan Hannatu, mai tarakta biyu da manyan motoci da gonar dawa a wajen Damazin wadda ba a hango ƙarshenta. Duk Juma'ar da ya zo gida sai sun kara.

"Ruwan ga na ƙasa uku na," in ji Mato, yana ɗaga yatsu uku. "Mai ƙarhi in yay yi shi ɗai, gobe wanda yaf fi shi ya yi mishi. Sai a zamna, a sa hannu ga takarda, duniya ta shaida."

"Ya Baba Mato, zama nawa anka yi?" Mukhtar ya ce, yana karkaɗa mukullin mota. "Mutanen ga ba su jira kowa ba, sun gina abinsu, sun cika, halas, magana ta ƙare. Wanga shi na aikin maza. In kana da hannu ka yi, lajna ta zo daga baya ta rubuta."

Hannatu ta juya kifi ta yi tsaki. "Naka, Malam Mato, suna otal suna shan ruwan gora, suna shawarar gulbin da ba su taɓa sa ƙahwa ciki ba. Kai kuma, Mukhtar, mai ƙarhin da kaka yabo, ruwanka yat tare. Ku matsa min, kun tare min masu saye."

Ta raina su duka biyun, amma ba daidai ba. A zuciyarta ta fi karkata ga ɗan wanta. Aƙalla mai yi shi kaɗai ana ganin abin da ya yi, masu zama kuwa sai dai a ga inda suka lotsa tabarma.

Shekarar da abin ya zo kanta, gulbi ya yi jinkirin sauka har mutane suka fara fid da rai. Da ya janye, gaɓar da ya bari ba ta kai rabin ta da ba, kuma lakar kirki a lanƙwasar gulbi kaɗai ta kwanta, inda ƙulli na tara zuwa na goma sha uku suka saba faɗawa. A saman lanƙwasar akwai lambun ayaba na Haj Abdulmuttalib, mutumin da ya je Makka sau uku bai dawo da kunya ko sau ɗaya ba. Kafin Mato ya warware igiyarsa, Haj ya sa leburori sun sauko da shingen ƙaya daga lambun har bakin ruwa, sun kuma shimfiɗa bututun turumba, injinsa na ban ruwa, ta tsakiyar rabon gida biyar. Hujjarsa ita ce tun da gulbi ya bar ƙa'idarsa ta da, ƙa'idar igiya ma ta faɗi, abin da ke gaban lambunsa nasa ne.

Lajna ta zauna. Ran farko ba su cika ba, ɗaya ya tafi gaisuwar mutuwa garin Sinja. Rana ta biyu suka cika, suka wuni a kan ko a ja igiya sannan a yi maganar shinge, ko a yi maganar shinge sannan a ja igiya. Rana ta uku suka naɗa mutum uku su je su ga Haj. Ya tarbe su da gahawa da dabino da gasasshen rago, suka dawo da maiƙo a gemu suna cewa mutumin yana da sauƙin kai, an fara fahimtar juna. Rana ta biyar aka karanta takarda bayan azahar, wai lajna ta damu ƙwarai da halin da ake ciki, tana kira ga kowane ɓangare ya kai zuciya nesa. Ɓangare! Gida biyar da aka ƙwace wa abinci an jera su sahu ɗaya da wanda ya ƙwace, an ce duk su yi haƙuri.

Kullum da safe Hannatu tana sauka ta cusa yatsa cikin laka ta gefen shingen. Ran farko yatsan ya nutse duka. Rana ta biyar ya tsaya a rabi. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar Uzairu, don jikoki uku ne a ɗakinta, kuma kifin da take soyawa ba ya cika tukunya shi kaɗai. Ta tare Mato a ƙofar masallaci, gaban jama'a.

"Malam Mato, laka ba ta san lajna ba. Kwana biyar sunka rage."

"Ki yi haƙuri, Hannatu. In munka karya shingen ga da hannu, mun zama shi. Gaskiya na wurinki, za ta hito ta hanyarta."

"Ta hito ta ishe ni da mi? Takarda zan dahwa ma jikoki?"

Ta koma gida ta kira Mukhtar. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙa ba. Ta ce masa kawai, "Kai mai cika baki gindin darbejiya, ga gwaggonka an taka."

Washegari da hantsi, kowa na gani, tarakta ta shigo gari. Mukhtar bai biya gidan shehu ba, bai nemi Mato ba. Ya tsayar da ita a kan tudu, leburorinsa suka ɗaura sarƙa a shingen, ja ɗaya ƙayar ta taho gaba ɗayanta, suka tura ta gulbi. Bututun kuma suka naɗe shi suka wurga cikin ayaba. Kafin mai shayi ya sauke buta ta biyu an gama. Haj Abdulmuttalib ya fito da carbi a hannu, ya dubi taraktar, ya dubi mai ita, ya tuna motocin wa ke kai masa ayaba kasuwa, sai ya ce ai dama shingen don awaki ya yi shi.

Hannatu ta rangaɗa guɗa, ita da ba ta yi guɗa ran auren 'yarta ba. Mukhtar ya sauka cikin laka, ya auna wa gidaje biyar ɗin rabonsu da taku, ya ƙara wa gwaggonsa taku uku daga na maƙwabcinta Sulaiman. Sulaiman ya buɗe baki, ya dubi taraktar, ya ce an gode. Tana cikin warware ƙunshin iri sai ga Mato yana haki, igiya a kafaɗa.

"Ba a ja igiya ba, Hannatu. Kada ki jehwa irin nan tukuna. Ki ba ni zuwa la'asar in tara mutum bakwai. Ko a kan inda yaron ga ya auna ne, a ja, in dai an ja."

Abin da ya roƙa ke nan, rabin wuni, kuma tana da sauran kwana huɗu a hannu. Ta dube shi daga rawani har silifa ta ce, "Kai ta gida ka ɗaure akuya." Ta soka salluka ta jefa iri a gabansa, jama'a suka kwashe da dariya. Da sauran gidajen suka ga ba abin da ya same ta, kowa ya sauka ya kama inda idonsa ya nuna masa. Tun kafuwar garin, shekarar ce ta farko da ba a ja igiya ba.

Abin haushin, kuɓewa ta yi kyau. Hannatu ta yi rani guda tana ba da labarin sarƙa da shinge, kullum shingen yana ƙara tsawo. In Mato ya zo wucewa sai ta ɗaga murya ta tambaye shi lafiyar igiya. A gindin darbejiya kuwa masu cewa a zauna suka yi ta raguwa, har aka kai Mato yana ɗaga yatsunsa uku ba mai kallo.

Damina ta zagayo, gulbi ya janye, lanƙwasar nan dai ita ce mai laka. Mato ya fito da igiya, ya sa aka yi sanarwa a lasifikar masallaci. Mutum uku suka sauko. Sauran suna jira, don saƙo ya zo daga Damazin cewa kada wanda ya taɓa lanƙwasa sai Mukhtar ya iso. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya tambayi wa ya naɗa shi. Hannatu da kanta ta ce a jira, ai yaron nata ne. Kwana uku, kwana biyar, kwana takwas. Ta kira shi, ya ce, "Ma fi mushkila, ba damuwa, Gwaggo, ina tahe." Ta sauka ta gwada laka, yatsa ya ƙi shiga. Lajnar da ta yi shekaru tana zagi ba ta taɓa kai ta kwana goma sha huɗu ba, ɗan wanta ya kai ta. Sai da ƙasa ta bushe ta isa ɗaukar nauyin tarakta sannan ya zo, dama abin da yake jira ke nan. Mai turumba ba ruwansa da danshi.

Bai kuma zo shi kaɗai ba. Haj Abdulmuttalib ne a kujerar gaban motarsa, suna ta dariya kamar ba su taɓa haɗa ido a kan shinge ba. Sun riga sun gama magana tsakaninsu: tarakta ta Mukhtar, turumba ta Haj, lanƙwasa gaba ɗaya albasa. Hannatu ta bar kifi a wuta ta tare Mukhtar a bakin mota.

"Gwaggo, ke kin tsuhwa da salluka," ya ce, har da ɗan rusunawa. "Ki zamna ki huta. In anka cire albasa ba za a manta da ke ba."

"Rabona na. Ƙulli na goma sha ɗaya."

"Wane ƙulli, Gwaggo? Bara da ƙahwata na auna miki, kin karɓa."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ne ya fi ci mata rai. Yaron da ta wanke wa kashi yana tsaye yana yi mata bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa mara lafiya.

Ta haɗiye abin da ba ta taɓa haɗiyewa ba, ta tafi gidan Mato. Bai yi mata gori ba, ita kuwa ta so ya yi, ko ta samu abin mayarwa. Ya ce mata da shi da ita biyu ne, ta samo biyar, gobe da safe a ja, in an ja kuwa ko shehu ba shi da ta cewa. Hannatu ta yafa mayafi ta shiga gida gida, a garin da ba ƙofar da ba ta taɓa yi wa tsaki ba. Wannan ya ce ƙafa ke damunsa. Wancan ya ce Mukhtar ya yi wa ɗansa alkawarin tuƙi. Wani ya sa matarsa ta ce ba ya nan, tarinsa na fitowa daga ɗaki. Sulaiman ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaye ta ko taku ukun nan sun ba da kuɓewa. Shehun gari ya ce magana ce babba, lajna za ta zauna ran Alhamis. Ranar kuwa Litinin ce.

Da safe su biyu suka sauka. Mato ya riƙe wannan baki, ita ta ja wancan, suka shimfiɗa igiya a kan busasshiyar laka mai tsaga, ta taka ta je ta tsaya inda rabonta ya faɗa. A kan tudu maza sun fi talatin a jere, hannuwa a baya, ciki har da dattawan lajna huɗu. Tsakaninsu da lakar taku goma ne. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da na iyayensu mata, ta tuna wa kowa ƙullin gidansu na nawa ne. Wani ya sunkuyar da kai, wani ya ciro waya yana dubawa. Ba wanda ya sauko.

Tarakta ta gangaro da garmarta. Direban ya tsaya ya waiwayi Mukhtar, Mukhtar ya yi masa alama da hannu ya kewaye ta. Layin farko garmar ta bi ta kan igiya ta datse ta, Mato ya durƙusa yana tattara guntaye. Direban ya yi ta kai da komo, in ya zo kusa da tsohuwar sai ya karkata, ƙura ta rufe ta ta washe. Hannatu ba ta gusa ba. Zuwa azahar an kifar da lanƙwasa duka, saura inda ƙafafunta suke, wurin da bai fi faɗin tabarmar sallah ba.

Mukhtar ya sauko ya dubi wurin, ya sa leburori suka kafa masa 'yan turaka huɗu a kewaye, tana tsaye a ciki. Sannan ya ɗaga murya yadda na kan tudu za su ji. "Nan na Gwaggo na. Kada wanda yat taɓa mata."

Na kan tudu suka gyaɗa kai. Ɗaya daga cikin dattawan lajna ya ce Allah shi yi albarka, yaron nan akwai zumunci.